Aukuwa ko hali? Sharhi a kan sunan umarnin « event » na manhajar Beancount

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala sharhi ce a kan kalma guda. Kalmar kuwa ita ce « event » ta Ingilishi, wadda manhajar lissafin kuɗi mai suna Beancount ta raɗa wa ɗaya daga cikin umarnanta. Aikin umarnin shi ne riƙe abubuwan da ke sauyawa a rayuwar mai kundi, kamar mazauni ko wurin aiki, tare da ranar da kowane sauyi ya kama. Abin da muke so mu nuna shi ne cewa sunan ya ɗauki rabin aikin kawai: ya ambaci ranar da aka sauya, ya bar halin da aka shiga. Za mu nuna yadda wannan giɓi yake iya kaiwa ga ƙidayar da ba daidai ba. Daga ƙarshe za mu duba abin da ya kamaci mai fassara zuwa Hausa ko Faransanci, tun da ba tilas ba ne fassara ta gaji raunin kalmar asali.

1. Lissafi a rubutu zalla

Ƙa'idar lissafi mai ɓangare biyu, wadda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Italiya a 1494, ba ta sauya ba: duk kuɗin da ya fita daga wani asusu sai ya shiga wani, jimillar kowane ciniki kuma ta tashi sifiri. Abin da masu lissafi a rubutu zalla suka sauya shi ne ma'ajiyar kundin. Maimakon a danƙa shi ga manhajar da za ta rufe shi cikin tsarin da ita kaɗai ke iya buɗewa, sai mutum ya rubuta shi da kansa a fayil na haruffa tsura, wanda kowace kwamfuta take iya nunawa. Aikin manhajar shi ne ta karanta, ta duba daidaito, ta fitar da rahoto.

John Wiegley ne ya fara wannan hanya da Ledger a 2003. Simon Michael ya biyo da hledger a 2007, a harshen Haskell, sannan Martin Blais ya kawo Beancount, a harshen Python. Dukkansu kyauta ake samun su, kuma kowa yana iya duba yadda aka gina su.

Wannan tsari yana ba suna nauyin da ba shi da shi a sauran manhajoji. Inda ake aiki da maɓallai, in sunan maɓalli bai yi ba, sai a sauya shi a fitowa ta gaba, ba abin da ya lalace. A rubutu zalla kuwa, mai kundi ne yake buga sunan da yatsunsa, sau ɗaruruwa, a fayil ɗin da yake fatan karantawa bayan shekara 20. Ranar da aka sauya sunan, tsofaffin kundaye sun daina karantuwa ke nan. Siga ta 3 ta Beancount, wadda ta fito a 2024, ta zo da sauye-sauye da dama amma ta bar kalmar « event » a inda take. Bahaushe ya ce suna linzami ne. A nan linzamin ba ya ciruwa cikin sauƙi, don haka ya cancanci a duba inda yake jan mahayi.

2. Umarnin da aikinsa

A Beancount, layukan kundi da kwanan wata suke farawa, sannan kalmar umarni. Manhajar ba ta kula da jerin da aka rubuta su a fayil ba. Ita ce take jera su bisa rana. Ban da ciniki kansa, akwai « open » da « close » na buɗe asusu da rufe shi, « balance » na tabbatar da ragowa, « price » na farashi, « note » na manna bayani ga asusu, « document » na haɗa takarda, da wasu kaɗan. Umarnin da muke magana a kansa yana ɗaukar abu biyu bayan rana: sunan abin da ke sauyawa, da sabuwar ƙimarsa. Mai kundi ne yake zaɓen duka biyun. Ga misali da muka shirya:

(1)
2023-01-01 event "mazauni" "Damagaram"
2023-03-10 event "mazauni" "Faransa"
2023-05-20 event "mazauni" "Damagaram"

Ba kuɗin da ya motsa a waɗannan layuka. Amfaninsu shi ne a iya tambayar kundin: ina mai shi yake a ranar da aka yi ciniki kaza? Kwana nawa ya yi a ƙasa kaza? Bayanan manhajar da kansu sun gabatar da umarnin a matsayin hanyar bin ƙimar wani abu a tsawon lokaci, kuma misalinsu na farko shi ne wurin da mutum yake. Ledger da hledger ba su da umarni mai wannan suna. Masu amfani da su sukan rataya irin wannan bayani a alamomin da ake sawa cikin sharhin ciniki.

Yanzu mu ajiye (1) kusa da umarnin farashi:

(2)
1994-01-12 price FRF 100 XOF
1999-01-01 price EUR 655.957 XOF

Layi na farko shi ne karyewar darajar sefa ta 12 ga Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Na biyu shi ne ɗaure sefa ga yuro. Ginin (1) da (2) ɗaya ne: rana, abu, ƙima. Karatunsu ma ɗaya ne, domin in aka nemi farashin wata rana, manhajar takan ɗauki na ƙarshe da aka rubuta a ranar ko kafinta. Amma sunayensu ba iri ɗaya ba ne. « Price » ya ambaci abin da ke ɗorewa. « Event » ya ambaci lokacin da aka sauya.

Akwai wani rauni kuma. Sauran sunayen, ko dai umarni ne na aikatau, wato buɗe, rufe, ko sunan abin da layin ya ƙunsa, wato farashi, ragowa, takarda. « Event » bai faɗi ko ɗaya ba. Buɗe asusu aukuwa ce, ciniki aukuwa ce, karyewar sefa ma aukuwa ce. Sunan da ya dace da kowane layi na kundin bai bambanta layi ko ɗaya da ƴan'uwansa ba.

3. Abin da nahawu yake cewa

Bambancin da muke nufi sananne ne ga masu nazarin harshe. Zeno Vendler, a 1957, ya kasa aikatau bisa yadda suke zama cikin lokaci, ya raba waɗanda ke faruwa a ƙiftawa ɗaya da waɗanda ke nuna halin da ake ciki. Hausa ba ta bar wannan ga ma'ana kaɗai ba, ta sa shi a ƙirar kalma:

(3)
a. An ɗaure doki da hantsi.
b. Doki yana ɗaure tun hantsi.

(4)
a. Malam ya koma Damagaram ran 20 ga Mayu.
b. Malam yana zaune a Damagaram tun ran 20 ga Mayu.

Jimlolin (a) suna amsa tambaya ɗaya: yaushe? Jimlolin (b), masu kalmomin hali da ke ƙarewa da wasalin -e, irin su zaune, tsaye, ɗaure, rufe, suna buɗe wasu tambayoyi: tun yaushe, har yaushe, kwana nawa? Wanda ya ji (3a) ba ya jiran ƙarin magana. Wanda ya ji (3b) ya san dokin yana nan a turke har sai wani ya kwance shi. Faransanci ma yana yin wannan rabo tsakanin « il s'est installé le 20 mai » da « il réside depuis le 20 mai ».

In muka auna layukan (1) da wannan ma'auni, za mu ga an rubuta su da siffar (a), amma da siffar (b) ake so a karanta su. Tambayoyin da aka ƙirƙiri umarnin dominsu duk na (b) ne. Sunan kuwa na (a) ne. A nan matsalar take.

4. Inda linzamin yake ja

Za a iya cewa mai aiki da manhaja ba ya buƙatar Vendler. Gaskiya ne, amma suna yana koya wa hannu ɗabi'a, ko mai hannun ya sani ko bai sani ba. Mun ga illa uku.

Ta farko ita ce mantuwa da rufewa. Wanda aka ce masa ya rubuta abin da ya auku, abin da ya ga ya isa labari zai rubuta. Tafiya Faransa labari ce. Komawa gida ba kowa ne yake ɗaukarta labari ba. A cire layi na uku daga (1) a gani. Kundin ba zai yi ƙorafi ba, domin ba wata jimilla da ta karkace. Amma zaman da yake kwana 71, daga 10 ga Maris zuwa jajibirin 20 ga Mayu, zai koma kwana 297, har ƙarshen Disamba. Tsakanin adadin biyu akwai iyakoki biyu da doka ta san da su: kwana 90 cikin kowane 180 na gajeren zama a yankin Shengen, da kwana 183 da yarjejeniyoyin haraji da yawa suke aiki da shi wajen raba haƙƙin karɓar harajin albashi tsakanin ƙasa biyu. Ƙarfin lissafi mai ɓangare biyu shi ne kuskure yakan tona kansa. Wannan umarni yana wajen wannan kariya, saboda haka sunansa ne kaɗai mai gadi, kuma bai ce wa kowa ya dawo ya rufe ba.

Ta biyu ita ce gauraye. Da yake « note » sai da asusu ake rubuta shi, wanda yake son ajiye bayanin rana da bai shafi wani asusu ba zai ga « event » a buɗe, sunan kuma yana kiransa. Sai ya rubuta ganin likita, ko ɗaurin aure, ko sayen babur. Waɗannan su ne aukuwa ta gaskiya, don haka bai saɓa wa sunan ba. Amma duk shirin da ya karanta layin bisa ƙa'idar ɗorewa zai ɗauka mutumin yana gaban likita har ranar da aka rubuta wani layi mai wannan suna. Abu iri biyu sun shiga jaka ɗaya, ba kuma wata alama a rubutun da ta raba su.

Ta uku ta shafi yadda ake nunawa. Fava, manhajar da ke nuna kundin Beancount a shafin intanet, tana da shafi na waɗannan layuka, kuma zanen da take yi musu ɗige-ɗige ne a kan layin lokaci. Ɗigo shi ne hoton aukuwa. Hoton hali sanda ce mai tsawo, daga wannan rana zuwa waccan, wadda ido zai gane nan take in ta wuce kima. Haka kuma, tunanin ɗigo yana ɓoye tambayar gefe: ranar 20 ga Mayu ta wane hali ce? Ga kundin, ta sabon hali ce. Ga ƙa'idar Shengen, ranar shiga da ranar fita duk kwanakin zama ne, sai 71 ya zama 72. Wanda ya san tazara yake aunawa zai tambayi bakinta biyu. Wanda aka ce masa ɗigo yake sawa ba shi da dalilin tambaya.

A kwatanta da (2). Da wuya wani ya yi zaton farashin sefa 100 na ranar 12 ga Janairu ne kaɗai. Kalmar farashi da kanta ta ce abin yana nan har a sauya shi.

5. Hujjar mai suna

Adalci ya sa mu kawo abin da za a faɗa don kare sunan, kuma ba ƙarami ba ne.

Na farko, abin da mai kundi yake rubutawa lalle aukuwa ce. Hali ba a rubuta shi, fitar da shi ake yi. Wannan ra'ayi yana da gindi a ilimin mantiƙi na kwamfuta. John McCarthy da Patrick Hayes, a 1969, sun yi aiki da kalmar « fluent » don abin da ƙimarsa ke sauyawa da yanayi. Robert Kowalski da Marek Sergot, a 1986, sun gina tsarin da a cikinsa aukuwa ce take kunna hali ko ta kashe shi, halin kuma ya ɗore muddin ba abin da ya katse shi. Layukan (1) sun zauna daidai cikin wannan tsari. Sai dai a lura cewa waɗannan masana suna biyu suka yi aiki da su, ɗaya na abin da ya faru, ɗaya na abin da ya ɗore.

Sana'ar lissafin kuɗi ma haka take. Ciniki aukuwa ce, ragowar asusu hali ce, kuma kowanne da sunansa; da Faransanci « écriture » da « solde ». Ba mai riƙe da kundi da zai yarda a kira su da kalma ɗaya. Saboda haka ba mu ce « event » ƙarya ba ce. Abin da muka ce shi ne an raɗa wa shigarwar suna, an bar ragowarta ba suna, alhali ragowar ce ake nema.

Na biyu, kalmomin da suka fi dacewa an riga an kama su. A Ledger da hledger, alamar tauraro ko ta motsin rai da ake sa wa ciniki ita ce matsayinsa, kuma hledger « status » take kiranta. « Position » a Beancount yana nufin adadin kadara tare da kuɗin sayenta. « Period » ya tafi ga zangon rahoto da cinikin da ke maimaituwa. A Faransanci « état » ya fi muni, domin duk wanda ya yi aiki da tsarin SYSCOHADA, « états financiers » zai fara ji. « Événement » ma ba fanko ba ne, tun da akwai abubuwan da suka auku bayan rufe shekarar lissafi, waɗanda ƙa'idar IAS 10 ta keɓe wa wannan suna. Mai raɗa suna a wannan fage yana shiga kasuwar da rumfunanta suka cika ne.

6. Shawara ga mai fassara

Ba mu ba da shawarar a taɓa kalmar da ake bugawa a fayil ba. Dalilin da muka kawo a sashe na 1 ya isa. Inda muke da iko shi ne littafin koyarwa, da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi, da bakin malami a aji. Ma'auninmu uku ne: sunan ya amsa tambayar mai karanta kundi, ya bambanta abin da ƴan'uwansa, kada kuma ya ci karo da kalmar da sana'ar ta riga ta mallaka.

« Aukuwa » ita ce fassara ta kai tsaye, kuma ta faɗi a ma'auni na farko da na biyu kamar uwarta. « Lamari » da « al'amari » sun fi ta faɗi, ba su ce komai a kan lokaci ba. « Canji » ta faɗi a na uku, domin a kundin kuɗi canji na ƴan canji ne, ko ragowar da mai kanti yake mayarwa. « Yanayi » tana jan hankali zuwa damina da rani. « Matsayi » muƙami take fara kawowa, kuma za a buƙace ta wajen alamar ciniki. « Tarihi » tana da wata matsala ta daban. Masu rubutu zalla da yawa suna ajiye fayil ɗinsu a Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi kuwa yana riƙe ranar da aka gyara rubutu. Richard Snodgrass da Ilsoo Ahn, a 1985, sun raba lokacin da abu ya kasance gaskiya a duniya da lokacin da aka shigar da shi a ma'ajiya. Ranar da ke kan layin (1) ta farko ce, ta Git ta biyu. In muka ce tarihi, ɗalibi ba zai san wanne muke nufi ba.

Abin da muka tsayar shi ne kalma biyu, kamar yadda sana'ar ta yi wa ciniki da ragowa. Layin da ake rubutawa a kira shi « sauyi ». Abin da ake bi, da ƙimarsa a kowace rana, a kira shi « hali ». Mun san za a tuna mana cewa hali zanen dutse ne, wato kalmar tana nufin ɗabi'ar da ba ta gogewa. Amma Hausa tana da hali na biyu, na « halin da ake ciki » da « a halin yanzu », wanda kowa ya san ana shiga ana fita. Zamansa kusa da « sauyi » ya isa ya nuna wanne ake nufi. A ɓangaren Faransanci, muna ganin « prise d'effet » ga layin da « valeur en vigueur » ga halin, domin harshen doka ya riga ya koya wa mai karatu cewa abin da yake « en vigueur » yana nan har a soke shi.

Sai ƙa'ida biyu ta aiki. Ta ɗaya, a koya wa ɗalibi ya karanta kowane layi da baki kamar haka: daga rana kaza, halin abu kaza shi ne kaza, har sai an sauya. Wannan « har sai » shi ne abin da sunan asali ya bari. Ta biyu, tun da mai kundi ne yake zaɓen sunan abin da ake bi, ya zaɓi sunan hali, kada ya zaɓi sunan aiki. « Tafiya » ana yin ta a gama. « Mazauni » kuwa kowace rana tana da amsarsa, don haka wanda ya buɗe kundinsa a Damagaram ya ga an ce yana Faransa zai gyara tun kafin ranar ƙidaya.

7. Kammalawa

Mun duba suna guda, muka ga ya dace da abin da hannu yake rubutawa, bai dace da abin da ake tambayar kundi ba. Mun ga cewa umarnin farashi, mai gini iri ɗaya, ya tsira daga ruɗanin saboda an kira shi da sunan abin da ke ɗorewa. Mun yarda cewa kalmomin Ingilishi da na Faransanci da suka fi kusa an riga an kama su, kuma sauya kalmar a fayil zai fi barinta ɓarna. Abin da ya rage ga masu aikin keɓaɓɓun kalmomi a sassanmu shi ne su fassara aikin umarni kafin su fassara sunansa. A wannan gaɓa Hausa ba ta da buƙatar aro, domin rabon da ke tsakanin « ya zauna » da « yana zaune » yana bakin kowane yaro. Muna fatan abokan aiki masu koyar da lissafin kuɗi za su gwada « sauyi » da « hali » a aji, su faɗa mana inda suka riƙe da inda suka zame.